Minti 41 da aka datse wa ƙanena jini

Tun ranar da ƙanena Auta ya fara taka ƙasa da sanda nake cewa zan rubuta wannan, kullum sai in ce gobe. Abin da ya zaunar da ni shi ne wani ɗan Zariya da aka haɗa mu a waya kwanakin baya. Ɗan'uwansa na kwance a asibiti a nan Ingila bayan haɗarin mota, likitoci na ta yi masa bayani, shi kuma yana gyaɗa kai bai san me zai tambaya ba. Na ji muryata ta da a cikin tasa. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gidan kula da tsofaffi ne, kuma abin da zan faɗa shi ne abin da na gani da wanda aka bayyana mini har na gane.

Daren wata Laraba ce cikin Nuwamban 2022, wajen ƙarfe tara da rabi, ina tsakiyar aiki wata 'yar sanda ta kira ni. Ta ce babbar mota ta yi kwana ta hagu ta murƙushe wani mai keke, sun samu lambata a wayarsa. Auta ɗalibi ne, daga laburare ya taso zai koma masauki. Na biya tasi fam 38 zuwa asibitin da ta faɗa, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin da ake kai waɗanda suka ji mummunan rauni. A teburin karɓar baƙi na ba da sunansa da ranar haihuwarsa, matar ta duba kwamfuta ta ce babu mai wannan suna. Kusan minti ashirin da biyar na yi tsaye ina jin ƙafafuna kamar ba nawa ba. Ashe idan aka kawo mutum a sume ba a tabbatar da ko wane ne ba, suna na wucin gadi ake ba shi don a samu a yi masa gwaji da ƙarin jini cikin sauri. Duk wanda ya samu kansa a wannan hali ya faɗi lokacin da aka kawo mutumin da irin haɗarin, da haka suka gano shi. Daga nan aka kai ni wani ɗan ɗaki mai kujeru huɗu da kwalin tishu a kan tebur. Ganin kwalin nan kaɗai ya sa na fara karanta Innalillahi. Na yi sa'a biyu a ciki, nas na leƙowa lokaci zuwa lokaci tana cewa yana ɗakin tiyata, yana da rai.

Bayan sha biyun dare wani likita ya shigo, ya zauna, ya juya bayan wata takarda ya fara zane. Ya ce ƙashin ƙugun Auta ya farfashe, jijiyoyin da ke wurin sun tsage, jini na zuba a ciki inda hannu ba zai iya dannewa ba. Sun yi ta ƙara masa jini amma ƙarfin bugunsa na ta sauka, har suka ga ba zai kai ɗakin tiyata da rai ba. Sai suka huda babbar jijiyar matsematsinsa na dama, suka zura wani siririn bututu mai balan-balan a kai, suka tura shi sama cikin babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya, suka hura shi da ruwa. Ya ce sunan aikin REBOA. Da balan-balan ɗin ya kumbura, jini ya daina gangarawa ƙasa, ɗan abin da ya rage a jiki ya koma yana zagaya zuciya da ƙwaƙwalwa. Ni da na tashi a gidan masu noman rani nan take na ga hoton. Datse ruwa ne a kan magudana: lambun sama ya sha, na ƙasa ya jira. Kuma duk wanda ya taɓa ban-ruwa ya san idan datsiyar ta daɗe na ƙasa ƙonewa yake yi, ranar da aka buɗe kuma ruwan da datti yake tahowa. Na faɗa wa likitan haka, ya ce kusan haka ne, kuma wannan dattin shi ne abin da za su yi fama da shi a kwanaki masu zuwa. A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba. An ce yana da rai, an tsayar da jini, an ɗaure ƙugun da ƙarafa, ni dai shi ke nan a wurina.

Tambayar da na yi masa ita ce wa ya sa hannu. A gida mun saba ba a taɓa majiyyaci sai an nemo babba ya sa hannu, sau da yawa ma sai an biya. Ya ce a Ingila dokar 2005 kan wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ta bai wa ɗan'uwa ikon sa hannu a madadin baligi ba, sai in da ma ya wakilta shi a rubuce ta hanyar shari'a. Likitoci ne ke yanke abin da ya fi masa alheri, su kuma nemi jin ra'ayin dangi kan abin da shi kansa zai so. Raina ya ɗan sosu, na ji kamar an ture ni gefe ni da nake yayansa. Daga baya na gode wa Allah, domin da jirana aka yi da gawa zan tarar.

Ƙarfe uku na dare aka bar ni na shiga sashen kulawa ta musamman. Fuskarsa ta kumbura, bututun numfashi a baki, wayoyi ko'ina. Abin da ya ja hankalina shi ne nas ɗin da ke kansa, ita kaɗai gare shi kaɗai, ta fi damuwa da ƙafafunsa a kan komai. Ta yi alama da biro a bayan kowace ƙafa, duk sa'a sai ta ɗora wata 'yar na'ura a wurin tana sauraren bugun jini. Ta hagu na ba da sauti, shuu shuu. Ta dama, wadda aka shiga ta matsematsinta, sautin na ta raguwa. Kafin asuba na taɓa ta da hannuna na ji ta yi sanyi, tafin ya yi fari fat. Ƙarfe bakwai likitar jijiyoyin jini ta zo, aka yi hoto, ta ce gudan jini ya toshe jijiyar daidai inda aka huda. Ta yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye: jijiyar wanda jininsa ya ƙare tsukewa take yi, ga bututu a cikinta, ga jinin da aka tsayar, saboda haka toshewa na cikin haɗurran da aka sani na wannan aiki. Za su buɗe su cire gudan su gyara jijiyar, sannan su tsaga sharaɓarsa ta gefe biyu su bar ta a buɗe, domin naman da ya daɗe ba jini kumbura yake yi idan jini ya dawo, ya shaƙe kansa a cikin fata. Ta ce idan naman ya riga ya mutu za a iya kaiwa ga yanke ƙafar. Ta tambaye ni me nake ganin Auta zai zaɓa, na ce a yi duk abin da zai bar shi da rai. Ta rubuta maganata a wata takarda, likitoci biyu suka sa hannu, ni ban sa ba.

Sa'a huɗu suka yi. A cikinsu ne na kira Inna a Katsina, kiran da ban taɓa yin mai wuyarsa ba. Na ce mata Auta ya yi haɗari, ya samu karaya, ana kula da shi. Ta yi shiru ta ce, "Ka gaya mini gaskiya, yaron nan na da rai?" Na rantse mata. Maganar ƙafa ban yi ba sai da aka fito aka ce jini ya koma, ƙafar ta yi ɗumi, ko da yake wani sashe na naman ya lalace an cire shi.

Na ɗauka an wuce wurin, sai ga rana ta uku. Fitsarin da ke taruwa a leda ya koma kamar baƙin shayi, sannan ya kusa ɗaukewa gaba ɗaya. Likitan sashen ya ce naman da ya lalace na sakin wasu abubuwa cikin jini da ke toshe ƙoda, ga sinadarin fotasiyam ya hau, wanda idan ya yi yawa yana iya tsayar da zuciya. Wannan shi ne dattin da aka faɗa mini a daren farko. Aka jona shi da injin wankin ƙoda mai aiki dare da rana, ya kwana tara a kai. Na tambayi likitan kai tsaye ko balan-balan ne ya jawo. Ya ce ba zai iya ware masa kaso ba: jinin da ya zubar, murƙushewar motar, ruwan da ake ɗurawa don hoton jijiyoyi, da datsewar, kowanne ya sa hannu. Wannan amsa ta ba ni haushi a ranar, domin ina neman abu ɗaya da zan ɗora wa laifi. Yanzu ina ganin ita ce amsa mafi gaskiya da na samu a asibitin.

A kwanakin ne kuma na ji wata nas na cewa allurar hana daskarewar jini da ake masa, hefarin, daga hanjin alade ake samo ta. Hankalina ya tashi, na nemi limamin asibiti, domin manyan asibitocinsu na da limamai, a teburin nas ake tambaya. Malam ya zo bayan la'asar, ya yi wa Auta addu'a, ya ce mini wannan babin larura ne, kada in hana a yi masa. Ya ƙara da cewa in ina so in tambayi likita ko akwai madadi da ya dace da halinsa. Na tambaya, aka ce da ƙodarsa a haka wannan ce ta fi aminci, na bar maganar.

Takardu su ma ba su jira ya farfaɗo ba. Rana ta biyar wata mata daga ofishin da ke tantance baƙi 'yan ƙasar waje ta nemi fasfonsa da katin izinin zamansa. Gabana ya faɗi, na fara lissafin kwana a wannan sashe sau nawa. Ashe kuɗin lafiya da ya biya tare da bizar karatu, fam 470 a shekara a wancan lokaci, ya rufe komai, ba a karɓi ko sisi ba na tiyata ko jini ko wankin ƙoda. Da bizar ziyara yake da labarin ya sha bamban, domin kulawar ɗakin gaggawa kyauta ce ga kowa, amma da zarar an kwantar da baƙo lissafi ya fara, ko da yake ba a hana shi maganin ceton rai don bai biya ba. Kuɗin da suka fita daga aljihuna na mota ne da abinci da albashin sati uku da ban je aiki ba. Sai jami'a, wadda na rubuta wa tun mako na farko, domin ɗalibin da ya dakatar da karatu fiye da kwana 60 bizarsa na iya shiga matsala. Ofishin ɗalibai 'yan ƙasar waje ne ya bi mana wannan, suka nemi wasiƙar likita. Wasiƙa iri ɗaya muka buƙata don bizar Inna, kuma ita ce ta fi ba ni wahala, kwana shida ina bin sakatariyar sashen kafin a sa mata hannu. Kuɗin biza fam 100 ne a lokacin, ta fito bayan sati biyar. Da na sani da tun rana ta biyu na nemi wasiƙar, in ce a yi mini kwafi uku.

Rana ta goma sha ɗaya aka cire bututun numfashi. Kwana biyu bai san inda yake ba, yana kirana Baba, yana cewa a kore awakin da ke ƙarƙashin gado. Nas ta ce rikicewar da aka saba gani ce, in riƙa gaya masa rana da wuri. Da ya dawo hayyacinsa maganar farko mai ma'ana da ya yi ita ce, "Yaya, ƙafata na nan?" Na ɗaga bargo na nuna masa. Daga ranar shi ke sa hannu da kansa, har da na dashen fata da aka yanko daga cinyarsa aka rufe sharaɓar. Inna ta iso yana babban ɗakin jinya, ta shafa ƙafar ta daɗe ba ta ce komai ba. An sallame shi bayan kwana 58, a keken guragu, da roba mai tallafe tafin ƙafar dama domin ba ya iya ɗaga shi sama.

Sai da ƙura ta lafa na fara neman sanin ainihin abin da aka yi. Auta ya rubuta neman kwafin fayil ɗinsa, kyauta ne, doka ta ba su wata ɗaya, ya zo cikin sati huɗu. Ta ofishin PALS, mai sauraren koken majiyyata, muka nemi zama da likitan daren farko. A nan na ga lambar: an hura balan-balan ɗin na minti 41, a shiyya ta uku. Ya bayyana mana cewa sun kasa babbar jijiyar gida uku. Shiyya ta ɗaya tana cikin ƙirji, idan aka datse a nan hanji da hanta da ƙoda da ƙafafu duk sun rasa jini, kuma ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin Amurka ita ce kada a wuce minti 30. Shiyya ta biyu, inda jijiyoyin hanji da ƙoda ke rabuwa, ba a hurawa a cikinta. Ta uku tana ƙasa da jijiyoyin ƙoda, ita ake amfani da ita ga karayar ƙugu, ana iya kaiwa kusan sa'a ɗaya. Ya lissafa abin da Allah ya kare mu daga gare shi: fashewar jijiyar in an hura fiye da kima, shanyewar ƙafafu in lakar baya ta rasa jini, ƙaruwar zubar jini a kai ko ƙirji in akwai rauni a sama da datsiyar domin ƙarfin jini can yake komawa, da faɗuwar bugun jini a lokacin sacewa, shi ya sa a hankali suke sace shi. Ya ce dabarar tsohuwa ce, wani likitan sojan Amurka, Carl Hughes, ya gwada ta a yaƙin Koriya ya rubuta a 1954, kuma sojojin da ya gwada a kansu ba su rayu ba. Ta dawo ne da aka samu siraran bututu, har likitocin jirgin agaji na Landan suka yi ta a bakin titi a 2014.

Cikin Oktoban 2023 wani abokina nas ya turo mini sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila, UK-REBOA, wanda mujallar JAMA ta buga. Majiyyata 90 ne a cibiyoyi 16, aka raba su biyu. Cikin kwana 90, kashi 54 cikin ɗari na rukunin da aka ware wa balan-balan sun rasu, a ɗaya rukunin da aka yi wa kulawar da aka saba kashi 42, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Rukunin balan-balan sun fi daɗewa kafin a kai ga aikin tsayar da jinin na gaskiya, tazarar ta kusa minti ashirin. A daren ban yi barci ba. Na yi ta tunanin ko ƙafar Auta da ƙodarsa sun biya kuɗin abin da bai ma zama dole ba. Da muka koma ganin likita na kai masa maganar. Bai kare kansa ba. Ya ce sakamakon ya sa su ma sun ja baya sosai, ya ce mutanen gwajin ba su da yawa, kuma ƙasa da rabin rukunin ne aka hura wa balan-balan ɗin a zahiri, amma duk da haka ba sakamakon da za a kawar da kai ba ne. Game da Auta ya ce abin da ya gani a daren ya sa ya yi, kuma ba shi da hanyar nuna mini abin da zai faru da bai yi ba. Ni dai ban iya cewa balan-balan ne ya ceci ƙanena, ban kuma iya cewa shi ya cuce shi. Abin da na tabbatar shi ne ba ya ɗinke komai, lokaci kawai yake arowa, kuma wurin shigar da shi ma lokaci yake ci.

Ga wanda zai zauna a ɗakin nan mai kwalin tishu, tambayoyin da na so a ce na yi tun daren farko su ne a wace shiyya aka hura, minti nawa, ta wace ƙafa aka shiga, an cire bututun ko yana nan, kuma wa ke duba ƙafar. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta sunan kowane likita da abin da ya ce, domin rukuni huɗu ne suka yi aiki a kan Auta, na ƙashi da na jijiya da na ƙoda da na fata, kowa da nasa bayani. Mutum ɗaya ya zama mai magana da asibiti da kuma gida, in ba haka ba labari kala uku zai isa wurin tsohuwa. Kada ka yi wa gida albishir ɗin an gama a rana ta farko, sai ka ga fitsari na zuwa, ƙafa na da ɗumi. Bayan sallama ma an gargaɗe mu cewa in kumburi mai bugawa ya fito a matsematsi, ko ƙafar ta yi sanyi ko ciwo farat ɗaya, mu kira motar asibiti nan take.

Wani kawunmu da ya ji labarin ya ce ai irin wannan na'ura ya kamata a kawo asibitocinmu na gida, ganin yawan haɗari a hanyar Kano zuwa Katsina. Na ce masa, Kawu, Auta ya sha jini leda fiye da ashirin a daren, ɗakin tiyata na buɗe da likitoci a tsaye kafin a hura balan-balan ɗin. Inda sai an aika dangi neman jini, datsiyar za ta ƙare kafin ledar farko ta iso. Likitan nan da kansa ya ce mini abu na farko da aka yi wa Auta a bakin titi shi ne ɗaure ƙugunsa tamau da ɗamara, wanda ko da zani ana iya yi, sai allurar taranizamik mai rage zubar jini, wadda ba ta da tsada kuma ake so a yi cikin sa'a uku na farko.

Auta ya koma karatu bayan shekara guda. Ƙodarsa ta dawo aiki, ana duba jininsa duk wata shida, an kuma hana shi magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen. Yana ɗingishi, yatsun ƙafar dama biyu ba ya jin su, a zaune yake sallah in sanyi ya yi tsanani. Takardar da likita ya yi mini zane a bayanta tana cikin fayil ɗinsa, da layi ɗaya mai rassa biyu da ɗan da'ira a tsakiya. Ranar da Inna za ta koma gida ta ce a ɗaukar mata hotonta a waya, wai za ta nuna wa maƙwabta, domin duk bayanin da ta yi musu sun ƙi yarda an sa wa mutum balan-balan a cikin jijiya.